An bar jaki ana dukan taiki: sansar salansa da lambar P0171 a garejojin Sakkwato

A hunturun bara wani dattijo daga Mabera ya shigo garejinmu da Corolla ƙirar 2006, riƙe da baƙar leda. Ya zazzage ledar a kan bonet, sai ga sansar salansa guda biyu, duka daga motar aka ciro su cikin ƙasa da wata uku. Ya ce, "Ɗana, wagga mota ta gajisshe ni. Sansa ta ukku ke nan, kuma wutag ga ba ta mutu ba." Wutar da yake nufi ita ce 'yar rawayar nan mai siffar inji a gaban direba, wadda muke kira cak-injin. Na ce, "Baba, wa ya ce maka sansa ce?" Ya ce ai kwamfuta ce ta faɗa.

Da na jona tawa na'urar, lambar da ta fito ita ce P0171. Wannan lamba ba ta ambaci lalacewar sansa ba ko kaɗan. Ma'anarta ita ce ƙwaƙwalwar mota, wadda 'yan gareji ke kira birenbos, ta lura iska ta rinjayi fetur a haɗin da injin ke ƙonawa, ta yi ta ƙara fetur don ta cike giɓin har ta kai iyakar da aka yarje mata, abin bai daidaita ba, shi ne ta kunna wuta. Sansar salansa ita ce ta kai mata rahoto. A mafi yawan motocin da suka zo hannuna da wannan lamba, rahoton gaskiya ne, kuma sansar lafiyarta ƙalau. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ta sa mutane kashe kuɗi a kan mai kawo labari, a wannan zamani da fetur kaɗai ya ishi magidanci tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Injin fetur yana son awo guda: kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur. Idan aka juya shi zuwa lita, kowace litar fetur da ka saya tana bukatar iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone tas. Ka ɗauke shi kamar damun fura. In ruwa ya yi yawa ta tsinke, in ya yi kaɗan ta yi kauri. Haɗin da iska ta yi wa yawa ya tsinke, shi ne P0171. Wanda fetur ya yi wa yawa ya yi kauri, shi ne P0172. Ƙwaƙwalwa ba ta ganin cikin silinda, don haka da abu biyu take aiki. A gaba akwai ma'aunin iska, iyafulo-mita, da ke gaya mata yawan iskar da ta shiga, sai ta lissafa fetur ɗin da nozul zai fesa. A baya akwai sansar salansa da ke shinshinar hayaƙi, ta gaya mata ko lissafin ya yi daidai. Kamfanin Bosch ne ya fara ƙera irin wannan sansa, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Tsarin lambobin da muke karantawa kuwa, OBD-II, ya zama dole a motocin Amurka daga 1996, a motocin fetur na Turai daga 2001, shi ya sa kusan duk 'yar Kwatano da ke yawo a Sakkwato tana da soket ɗin nan mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari.

Tsohuwar sansa, wadda ke jikin motoci da yawa har yau, wuta take bayarwa tsakanin bolt 0.1 da 0.9. In oksijin ya yi yawa a hayaƙi ta sauka ƙasa, in ya yi kaɗan ta hau sama, kuma mai lafiya ba ta zama wuri guda, hawa da sauka take yi kusan kowace daƙiƙa. Ba ta fara aiki sai ta yi zafin da ya kai wajen digiri 300, shi ya sa aka sa mata hita a ciki. Galibi guda biyu ne a kan layin salansa. Ta farko tana gaban abin da muke kira indomi, wato matatar hayaƙi, kuma ita ce ke da ta cewa a kan fetur. Ta biyu tana bayan indomi, babban aikinta sa ido a kan indomin. Na sha ganin mota mai P0171 an canja mata ta bayan, saboda ita ce hannu ya fi saurin kaiwa. Idan injin mai silinda shida ne irin na Sienna ko Highlander, ɓangare biyu gare shi: wanda silinda ta ɗaya take shi ne na P0171, ɗayan kuma P0174. Lambobin biyu su fito tare, da wuya a ce sansa biyu sun mutu rana ɗaya. Sai a nemi abin da ɓangarorin suka yi tarayya a kansa, wato ma'aunin iska, babban tiyon iska, ko famfon mai.

To ba a wajen karanta lamba gizo ke saƙar ba. Ko na'urar da ake jonawa da wayar hannu tana nuna wasu alƙaluma biyu da yawancin masu "sa kwamfuta" ba sa buɗewa. A allon za ka ga STFT da LTFT. Na farko shi ne ƙarin fetur ko ragin da ƙwaƙwalwa ke yi nan take, na biyu kuma shi ne wanda ta haddace saboda ta daɗe tana yin sa. Ana haɗa su biyun a karanta. Sifili na nufin lissafin farko ya yi daidai. Kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa lafiya ce, har zuwa 10 ma ana iya haƙuri da tsohuwar mota. In ya wuce nan akwai magana. Wasu motoci suna kunna wuta a wajen kashi 25, Toyota kan jira sai wajen 35. Ka ga ke nan mota tana iya daɗewa da ciwon kafin direba ya ga komai a gabansa.

Amfanin alƙaluman nan shi ne suna nuna maka inda za ka dosa, in ka karanta su a yanayi biyu. Ka bar mota ta yi zafi, ka duba su tana silo, wato tana tsaye injin na aiki ba a taka totur ba. Sannan ka taka totur ka riƙe injin a juyi 2,500 a minti ka sake dubawa. Idan ƙarin fetur ya yi sama sosai a silo amma ya sauko da ka taka, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Dalilin a fili yake: a silo totur a rufe yake, injin yana zuƙa da ƙarfi, iskar da yake samu kaɗan ce, don haka 'yar ɓula kamar ta allura tana da tasiri. Da an buɗe totur, iskar ɓular sai ta ɓace cikin mai yawa. Idan kuwa a silo komai daidai ne amma alƙaluman suna hawa in an taka, ko in motar ta ɗauki kaya a kan hanya, to ko dai fetur ba ya isowa yadda ya kamata, ko ma'aunin iska yana rage awo. Wannan gwajin bai kai minti biyar ba, kuma ba a kwance ko noti ɗaya. Ƙwaƙwalwar kuma tana ajiye hoton yanayin da motar take ciki a lokacin da lambar ta shiga: gudunta, zafin injin, nauyin da ta ɗauka. Wanda ya goge lamba kafin ya duba wannan ya zubar da rabin shaidarsa.

Ɓarauniyar iska ita ce na fi gani a nan, kuma ban yi mamaki ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet. Duk wata roba bushewa take yi. Babban tiyon da ke tsakanin ma'aunin iska da totur yana tsagewa a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa, inda ido ba ya gani sai an cire an lanƙwasa shi. Ƙananan tiyo suna ƙandarewa su zame. Tiyon da ke zuwa ga tukunyar birki, da bawul ɗin da ke maido da tururin baƙin mai cikin manifol (bututun da ke raba wa silindoji iska), da wanda ke janyo tururin tanki, kowanne yana iya zama ƙofa. Hanya mafi tsabta ta gano ɓula ita ce a hura hayaƙi cikin manifol injin yana kashe, a ga inda zai ɓullo. Mu da yawa fesa ruwan wankin kafireto muke yi a gaɓoɓin muna kallon STFT. Inda aka fesa alƙalamin ya faɗo, nan ne. Yana aiki, amma ina roƙon 'yan uwana masu sana'a su daina yin sa a kan inji mai zafi jau ba tare da abin kashe gobara a kusa ba. Tartsatsi ɗaya daga tsagaggen koyil ya isa.

Sai ƙura. Ka tuna lita 9,000 ɗin nan, sannan ka tuna yadda sararin samaniya yake daga Disamba zuwa Fabrairu, ko yadda mota ke dawowa daga kasuwannin ƙauyukan Wamakko da Gwadabawa. Duk wannan iskar ta matatar iska take bi. Al'adarmu a ciro matatar a buga ta da taya, ko a hure ta da iskar mai faci, a mayar. Bugun yana buɗe ƙananan ramuka a takardar, kuma sau da yawa murfin akwatin ya rasa maƙalarsa an ɗaure da waya. Ƙurar da ta wuce tana zama a kan ma'aunin iska, wanda siririyar waya ce mai zafi. Da yadda iska ke sanyaya ta ake gane yawan iskar. In datti ya lulluɓe ta, iska mai yawa ta wuce ta ce kaɗan ce, ƙwaƙwalwa ta ba da fetur kaɗan, sansar salansa ta ce haɗi ya tsinke. Gaskiya ta faɗa. Ma'aunin da ake bi a gareji shi ne, inji mai zafi a silo, ba a kunna esi ba, yana jan kimanin giram ɗaya na iska a daƙiƙa ga kowace lita ta girmansa, wato mai lita 1.8 wajen giram 2. Ana wanke wayar da ruwan feshin da aka yi dominta, a bar ta ta bushe da kanta. Ba a taɓa ta da tsinke ko auduga, ba a kuma tsoma ta a fetur. Akwai motocin da ba su da wannan ma'aunin, matsin da ke cikin manifol suke aunawa. Su in iska ta sata hanya, silo ne ke hawa sama fiye da a ga P0171.

Ɓangaren fetur labarinsa gajere ne amma yana da ciwo. Tsada ta sa mutane da yawa suna yawo da lita uku ko biyar a tanki, wutar mai a kunne kullum. Famfon yana cikin tankin ne, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Ga na bumburutu da ake ɗurawa daga jarka a hanyar Illela ko ta Gusau in an matsu, da duk abin da ke gindin jarkar. Rariyar famfo ta toshe, matsi ya ragu, nozul ya fara fitar da rabin abin da aka umarce shi. Irin wannan motar lafiya lau take a cikin gari, sai an zo wuce tirela ta shaƙe. Ba a yanke wa famfo hukunci da kunne ko da yadda ya tsarto mai a roba. Agogon matsi ake sa masa, kuma a yawancin Toyota na wancan zamanin ana neman psi 44 zuwa 50. Shi kansa fetur yana iya zama sanadi, domin wanda aka gauraya da sinadarin methanol, irin wanda ya shigo ƙasar nan a farkon 2022, sai an fesa da yawa kafin ya kai awo. In wuta ta kama kwana ɗaya bayan shan mai a baƙon wuri, a fara da wannan tambayar.

Akwai kuma halin da sansa take faɗin abin da ta gani amma abin da ta gani ruɗi ne, kuma wannan ya fi kowanne cin kuɗin mai mota. Indomi yana ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake yanke shi a sayar, wani lokaci tun kafin motar ta iso hannun mai ita. Sai a haɗa bututun da walda. Waldar in ta bar 'yar kafa a gaban sansa ko kusa da ita, bugun hayaƙi yana janyo iskar waje ciki. Sansa ta shinshino oksijin, ta ce haɗi ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta yi ta antaya fetur a injin da ba ya bukata. Haka ma idan filogi ko koyil ya mutu a silinda ɗaya: iskar da ba ta ƙone ba tana fita da oksijin ɗinta, sansa ta karanta ta a matsayin ƙarancin fetur. A nan filogi ne alƙali. Ka ciro su. In sun yi fari fat, haɗin ya tsinke da gaske. In sun yi baƙi da kunkunniya alhali na'ura tana cewa P0171, mota tana shan mai kamar rariya, salansa yana warin ɗanyen fetur, to a koma layin salansa a nemi inda yake huci. Ita kuwa P0420 da ke bin motar da aka cire wa indomi, ko sansa goma aka canja ba za ta tafi ba, tun da abin da ta bayan ke gadi babu shi.

Ba ina cewa sansa ba ta mutuwa ba. Tana mutuwa, kuma tana da lambobinta. P0135 hitar ta gaba ce, P0141 hitar ta baya, P0133 kuma ta gaban ta yi nawa wajen amsawa. Ko a lambar hita, a fara duba fiyus da soket da wayar da ta kwanta a kan salansa ta narke, ko wadda ɓera ya ci. Gwajin rai kuwa mai sauƙi ne: a taka totur farat ɗaya, ta hau wajen 0.9; a saki, ta faɗo wajen 0.1. Wadda ta bi ka sama da ƙasa da hanzari tana da rai. Kuma in ta mutu da gaske, a tambayi abin da ya kashe ta. Injin da ke ƙona baƙin mai, da wanda ruwan lagireto ke shiga silindarsa, da jan gam ɗin da ake lafta wa gaskit wanda ba na wurin ba, duk suna lulluɓe kan sansa da abin da wanki ba ya fitarwa. Jiƙa ta a fetur ko ƙona ta da wutar mai walda ba ya dawo da ita. Sabuwar ma in an sa ta a injin da ba a gyara ba, hanyar ta farkon za ta bi.

Masu Toyota su yi hattara da wani abu. A Camry da Corolla da yawa na bayan 2004, ta gaban ba irin tsohuwar ba ce, sansar awon haɗi ce, duk da ita ma waya huɗu gare ta kuma a ido kamanninsu ɗaya. A na'ura tana zama ne a wajen bolt 3.3, ba ta hawa da sauka, kuma karatunta a juye yake: in ta hau sama iska ce ta yi yawa, in ta sauka fetur ne. Wanda ya saba da tsohuwar sai ya gan ta a tsaye ya ce ta mutu. Daga nan a je kasuwa a ɗauko mai araha wadda zarenta ya shiga ramin, a yanke soket a murɗa wayoyi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, motar da ta zo da lamba ɗaya ta koma da uku. Da lambar da ke rubuce a jikin ta asali ake sayen sansa, kuma Denso ce ke ƙera wa Toyota mafi yawansu.

Wasu in sun gaji sai su ce a cire kan batir wutar ta mutu, ko a cire ƙwan gaba ɗaya. Cire batir yana goge abin da ƙwaƙwalwa ta haddace ne kawai, bayan 'yan kwanaki ta sake koyo ta sake kunnawa. Ciwon kuwa yana nan yana aiki. Haɗin da ya tsinke yana ƙara zafi a cikin silinda, yana sa injin ƙwanƙwasa in an taka, a hankali ya ƙone bakin bawul, kuma mu da muke tuƙi a zafin bazara da esi a kunne ba mu da sauran rarar zafi da za mu yi wasa da ita. In wutar ta koma ƙiftawa, silinda ce ke tsallake wuta sosai, a samu wuri a tsaya. Wannan zafin ne ma ke sa a cire wa mota tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, a haɗa fanka kai tsaye, wanda shi ma yana ɓata lissafin, domin injin da bai kai zafinsa ba ƙwaƙwalwa tana ci gaba da ba shi fetur irin na inji mai sanyi.

Corollar dattijon nan da rana aka kawo ta, tana da zafi, alƙalumanta sun ɗan hau amma ba su kai na kunna wuta ba. Hoton da ƙwaƙwalwa ta ajiye ya nuna lambar ta shiga ne motar tana tsaye, injin bai gama ɗumi ba. Na roƙe shi ya bar ta ta kwana. Da asuba, cikin sanyin hunturu, na tayar da ita: LTFT yana kan 30, STFT yana ƙara wajen 9 a kai. Na taka zuwa 2,500, jimillar ta sauko ƙasa da 10. Na fesa a inda manifol ɗin roba ya haɗu da kan injin, alƙalamin ya faɗo nan take. Gaskit ɗin wurin roba ce, kuma sananniyar matsala ce a Corolla daga 2003 zuwa 2008: in ta tsufa tana ƙandarewa, sanyi ya sa ta tsuke ta buɗe hanya, in injin ya yi zafi ta kumbura ta rufe. Shi ya sa duk wanda ya duba motar da rana bai ga komai ba. Da muka ciro ta ta lafe, ta yi tauri kamar busasshiyar fata.

Muka sa sabuwa, muka wanke ma'aunin iska, muka canja matatar da ta riga ta ɓule a gefe. Na ɗauki sansar farko daga ledarsa, ta asali da motar ta zo da ita, na mayar da ita wurinta. Na ce masa, "Baba, kada ka biya ni yau. Ka yi kwana uku kana tayar da ita da safe, ka je Bodinga ka dawo, sannan ka kawo mu duba." Ranar da ya dawo LTFT yana kan 3, a silo da kuma a 2,500, wutar kuma a kashe.